Me Ake Gwadawa Idan Aka Fita Da Sabon Jirgin Ruwa Teku?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai karatun injiniya. Na karanta labarin Icon of the Seas, jirgin ruwan shaƙatawa da aka ce babu kamarsa a girma lokacin da ya fito, an ce sai da aka fita da shi gwaji cikin teku har sau biyu kafin a miƙa shi ga masu shi. Me ake gwadawa a can? Kuma tunda an ce yana ɗauke da sababbin fasahohi, ba kasada ba ce a ɗora mutum dubu bakwai a kan abin da har yanzu ake gwadawa?

Amsa: Ƙanena, tambayarka biyu ce a haɗe, kuma ta biyun ta fi nauyi. Bari mu fara da jirgin kansa, don ka san girman abin da muke magana a kai.

An ƙera Icon of the Seas a ma'aikatar Meyer Turku da ke birnin Turku a ƙasar Finlan, domin kamfanin Royal Caribbean. An fara yanka ƙarfensa a watan Yunin 2021, aka kafa ƙashin bayansa a Afrilun 2022, ya fara taɓa ruwa a Disambar wannan shekarar. Tsawonsa kusan mita 365 ne, faɗinsa ya wuce mita 48, yana da hawa 20. Idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ga ma'aikata 2,350. Za ka ga ana rubuta cewa tan 248,663 ne, to kada ka ɗauka nauyinsa ke nan. Wannan adadin ma'auni ne na girman sararin da ke cikin jirgi, ba abin da sikeli zai nuna ba. Da irin wannan awon ne ake cewa ya ninka Titanic kusan sau biyar. Ya fita gwajin farko a watan Yunin 2023, ya yi kwana huɗu a Tekun Baltik ɗauke da ƙwararru fiye da 450. Ya sake fita a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, aka miƙa shi ranar 27 ga Nuwamba, 2023, sannan ya ɗauki fasinjojin farko daga Miyami ranar 27 ga Janairu, 2024.

Abu na farko da zan cire maka daga rai shi ne tunanin cewa ana fita teku ne don a ga ko jirgin zai nutse ko ba zai nutse ba. An gama da wannan tambayar tun yana ɗaure a bakin ma'aikata. Shekaru kafin a yanka ƙarfe, an sassaƙa ɗan ƙaramin samfurinsa an ja shi a cikin dogon tafkin gwaji, an tayar masa da igiyar ruwa ta wucin gadi, an auna yadda yake keta ruwa. Bayan an gina shi kuma, akwai wani gwaji da ake yi a tasha a ranar da iska ta kwanta: ana matsar da nauyin da aka san adadinsa daga wannan gefe zuwa wancan, a auna ɗan karkatar da jirgin ya yi, wanda sau da yawa bai wuce digiri ɗaya zuwa biyu ba. Daga wannan ɗan karkatar ake lissafa inda tsakiyar nauyin jirgin take. Idan ta yi sama fiye da kima, jirgin ba zai iya miƙewa ba idan iska ko igiyar ruwa ta kwantar da shi. Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale aka ce masa ya zauna kada ya miƙe tsaye, ya san wannan ilimin a jikinsa.

Masu wannan sana'a ba sa manta labarin Vasa, jirgin yaƙin ƙasar Suwidin. Kafin ya tashi a 1628 an yi masa gwaji irin na zamaninsu: aka sa mutum 30 su riƙa gudu daga gefe zuwa gefe a kansa. Sau uku kawai suka yi aka dakatar da su, don jirgin ya fara tangaɗi har ana tsoron ya kife a tasha. Gwajin ya faɗi gaskiya, amma sarki na jiran jirginsa, babu wanda ya iya cewa a tsaya. Ranar 10 ga Agusta, 1628, ya yi tafiyar da ba ta wuce mita 1,300 ba, iska ta buge shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse a gaban mutanen Stokholm. Kimanin mutum 30 suka mutu. Na kawo maka wannan ne don ka ga dalilin da ya sa yau ba a barin mai ƙera jirgi da mai sayensa su kaɗai su yanke hukunci. Dole a sami na uku wanda ba shi da riba a cikin gaggawa. A kan Icon, wannan na ukun shi ne DNV, hukumar tantance jiragen ruwa mai cibiya a Norwe, tare da hukumomin ƙasar Bahamas wadda jirgin ke ɗauke da tutarta. Idan masu duba na waɗannan hukumomi ba su sa hannu ba, babu inshora, babu takardar izinin ɗaukar fasinja.

Dokar daidaiton jirgi a kan ruwa ma ta yi maganar irin gudun mutanen Vasa. Ta ce idan duk fasinjoji suka taru a gefe ɗaya, kada karkatar jirgin ta wuce digiri 10, kuma ana lissafa kowane mutum a kan kilo 75. Ka ninka 75 sau 7,600, za ka sami tan 570 na mutane da ke iya yin tururuwa gefe guda don kallon wani abu. An sa wannan a lissafi tun jirgin yana kan takarda.

To me ya rage wa teku? Abin da ya rage shi ne duk abin da ba ya bayyana sai jirgi na tafiya da cikakken ƙarfinsa. Kuma ka sani, a kwanakin gwaji jirgin ba na Royal Caribbean ba ne tukuna. Mallakar ma'aikata ne, kyaftin ɗin da ma'aikata ta ɗauka ne ke riƙe da shi, ma'aikatan kamfanin da zai saya kuwa 'yan kallo ne masu riƙe da takarda da biro. A al'adar cinikin irin waɗannan jirage, mafi yawan kuɗin, wajen kashi 80 cikin ɗari, ranar miƙawa ake biya. Jirgin da aka ruwaito ya ci kusan dala biliyan 2, ka ga abin da ke rataye a kan waɗannan 'yan kwanaki. Kwangila ta rubuta gudun da jirgin zai yi, da man da zai sha, da iyakar ƙarar da za a ji a kowane ɗaki. Idan ya gaza da kaɗan, ma'aikata ta biya diyya. Idan ya gaza da yawa, mai saye na da ikon cewa ba ya karɓa. Hakan ya taɓa faruwa: a ƙarshen 1968 injinan tururi na jirgin fasinja Queen Elizabeth 2 suka sami matsala a tafiyar gwaji, kamfanin Cunard ya ƙi karɓarsa, sai a watan Mayun 1969 ya fara aiki.

Gwajin gudu shi ne mafi sauƙin fahimta. Ana bin hanya ɗaya a miƙe, sannan a juyo a bi ta da baya, don tasirin iska da na jan ruwa su kashe juna. Ana maimaitawa a matakan ƙarfin inji daban-daban, ana auna ƙarfin da ke zuwa kan farfela. Daga nan sai a gyara lissafin, domin Baltik ba ta da zurfi sosai, matsakaicin zurfinta kimanin mita 55 ne, kuma gishirinta bai kai na babbar teku ba. Ruwa mara zurfi yana riƙe jirgi, ruwa mara gishiri kuma yana sa ya ɗan ƙara nutsewa. Icon na tafiya a kan kusan kilomita 40 a awa. Ba gudu ba ne a ido, amma ka tuna abin da ke gudun unguwa ce guda.

Inda hankalin kowa ke tashi shi ne gwajin juyawa da tsayawa. Hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2002, kuma da tsawon jirgi ake aunawa. Jirgi na tsaka da gudu sai a murɗa sitiyari har ƙarshe a bar shi ya yi da'ira. Faɗin wannan juyi kada ya wuce tsawon jirgin sau biyar, wato ga Icon kimanin mita 1,800. Sannan a yi masa tafiyar maciji: a karkata shi dama, da ya juya digiri 10 a mayar hagu, a auna nawa ya zarce kafin ya ji umarni. A maimaita da digiri 20, inda zarcewar farko ba za ta wuce digiri 25 ba. Jirgin da ke da taurin kai a nan, ranar da ya shiga mashigin tasha mai ƙunci shi ne ranar da za a ji labarinsa.

Sai tsayawar gaggawa. Jirgin ruwa ba shi da birki irin na mota, domin babu ƙasar da zai kama. Abin da yake da shi kawai shi ne ya juya ƙarfin farfelarsa ya tura ruwa gaba. Ana cikin cikakken gudu sai a ba da umarni a koma baya gaba ɗaya. Duk jirgin ya ɗauki rawa, ƙarfe na kuka, ruwan da ke bayansa ya koma fari fat yana tafasa, injiniyoyi a ɗakin kula da inji idonsu na kan zafin na'urori da lodin lantarki. Ƙa'ida ta ce ya tsaya cikin tazarar da ba ta wuce tsawonsa sau 15 ba. Ga jirgi mai mita 365, wannan ya kusa kilomita biyar da rabi. Jiragen shaƙatawa na zamani na tsayawa ƙasa da haka sosai, amma ko da sun yi ƙoƙari, maganar mintuna ake yi. Sakamakon wannan gwajin ana buga shi a manna a ɗakin tuƙi, don duk matuƙin da ya hau jirgin nan da shekara talatin ya san tun daga ina zai fara rage gudu. Titanic ma an yi masa irin wannan a ranar 2 ga Afrilu, 1912, a ruwan Belfas, ya tsaya cikin kusan mita 780. Yini ɗaya aka yi ana gwajinsa gaba ɗaya, bayan kwana takwas ya ɗauki fasinja.

Gwajin da ni na fi ba wa muhimmanci ba ya fitowa a bidiyon talla, don babu abin kallo a cikinsa: kashe wuta da gangan. Icon jirgi ne mai tafiya da lantarki. Injinan Wärtsilä guda shida ba sa juya farfela kai tsaye, janareto suke juyawa, wutar ta tafi ga motocin farfela, da na'urorin sanyaya ɗaki, da lif, da ɗakunan girki, da famfunan kashe gobara. Ma'ana idan wuta ta ɗauke, ba fitila kaɗai ta mutu ba, jirgin ya rasa tafiya ya rasa tuƙi, ya zama kara a kan ruwa. Don haka a tsakiyar teku ake katse wutar a tsaya da agogo a hannu. Batura su riƙe fitilun gaggawa da na'urorin sadarwa nan take. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta kare rayuka a teku, SOLAS, ta ce janaretan gaggawa ya tashi da kansa ya ɗauki lodi cikin daƙiƙa 45, kuma a jirgin fasinja ya iya aiki har awa 36. Sannan a ga tsawon lokacin da manyan injinan za su ɗauka su dawo. Waɗannan daƙiƙun na duhu, idan kana tsaye a ɗakin inji, za ka ji shirun da ba ka taɓa ji ba a cikin jirgi.

Akwai ƙari a kan haka. Tun daga 1 ga Yuli, 2010, duk babban jirgin fasinja da aka ƙera dole ya iya komawa tasha da ƙafarsa ko da gobara ko ruwa ya cinye sashe ɗaya a cikinsa. Tunanin shi ne jirgin kansa ya fi kowane kwale-kwalen ceto aminci, domin sauke mutum dubu tara da ɗoriya cikin teku mai hauka haɗari ne shi ma. Shi ya sa ake raba injina a ɗakuna daban-daban, a raba hanyoyin waya da bututu. A gwaji sai a ɗauka wani ɗakin inji ya ƙone, a kashe duk abin da ke cikinsa, a ga ko sauran zai ci gaba da tuƙa jirgin, da ba da ruwan sha, da tafiyar da banɗakuna. Ana kuma sakin anga a cikin ruwa mai zurfi a gwada birkin sarƙarta da ƙarfin janyo ta, a buɗe fikafikan da ke fitowa daga gefen jirgi ƙarƙashin ruwa don rage tangaɗi.

Ga jirgin shaƙatawa kuwa, ƙara da jijjiga suna cin lokaci fiye da yadda za ka zata. Jirgin dakon kaya idan yana ɗan rawa, kwantena ba ta ƙorafi. Nan kuwa mutum ya biya kuɗi mai yawa don ya yi barci. Ma'aikata na bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya da na'urar awo, galibi da dare, jirgi na cikakken gudu. Na taɓa kasancewa a gwajin wani jirgi da bai kai rubu'in wannan ba, muka kwana muna farautar wata jijjiga da ke shiga jerin ɗakuna uku. Mun zargi farfela, mun zargi inji. Da asuba aka gano wani ɗan ƙarfe ne da aka ɗaure famfo da shi lokacin jigila, aka manta ba a cire ba, ya haɗe famfon da jikin jirgi ya tsallake robar da aka sa don ta shanye rawar. Minti goma aka yi aka kwance shi. Babu kwamfutar da za ta hango wannan, kuma a tasha ba a taɓa kunna famfon da wannan lodi ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ɗaruruwa ake tarawa a gwajin farko, a dawo ma'aikata a gyara, a ci gaba da aikin cikin jirgi, sannan a sake fita. Dalilin fita sau biyu ke nan, kuma al'ada ce ga jirgin da shi ne na farko a jerinsa.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Kalmar "sabuwar fasaha" a bakin masu talla tana haɗa abubuwan da ba ɗaya suke ba, don haka sai mun rarrabe.

Rukuni na farko su ne abubuwan da rayuka suka rataya a kansu, kuma kusan babu wanda Icon ne ya fara amfani da shi. Ɗauki farfelarsa. Guda uku ne samfurin Azipod na kamfanin ABB, kowace da ƙarfin megawat 20. Motar lantarkin tana cikin wani ƙoƙo da ke rataye ƙarƙashin jirgi, ƙoƙon kuma na iya juyawa ta kowace fuska, don haka shi ne farfela shi ne kuma abin tuƙi. A Finlan aka ƙirƙiro shi, aka fara ɗora shi a kan wani ƙaramin jirgin aiki mai suna Seili a 1990, sannan ya hau jirgin shaƙatawa a karon farko a 1998, a kan Elation. Kafin ya zo kan Icon ya yi shekara 25 yana ɗaukar fasinja, ya sha matsaloli an sha gyara. Haka ma man da injinansa ke sha, wato iskar gas da ake sanyayawa ta koma ruwa. Icon ne na farko a jiragen Royal Caribbean da ke amfani da ita, amma AIDAnova da aka ƙera a Jamus ta riga shi tun 2018, jiragen dakon gas kuma, irin waɗanda ke lodi a Bonny, sun daɗe suna ƙona wani ɓangare na kayan da suka ɗauko. Ana ajiye gas ɗin a sanyin digiri 162 ƙasa da sifili, inda girmansa ke raguwa kusan sau 600. Akwai dokar ƙasa da ƙasa ta musamman a kansa tun Janairun 2017. Bututunsa riɓi biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, da na'urorin shinshino yoyo a tsakani. A gwaji ana yaudarar na'urar ta ɗauka gas na fita, a ga ko bawul zai rufe, injin kuma ya koma shan dizal ba tare da wuta ta ƙifta ba. Injinan duka shida na iya aiki da kowanne daga cikin biyun.

Rukuni na biyu su ne abubuwan rage shan mai, waɗanda idan sun gaza asara ce ta kuɗi kawai. Akwai siffar goshin jirgin da aka sauya don ya fi keta ruwa. Akwai kuma na'urar da ke hura iska ƙarƙashin cikinsa, ta shimfiɗa ƙananan kumfa tsakanin ƙarfe da ruwa don rage gogayya. Kamfanin ya riga ya sa irinta a Quantum of the Seas tun 2014. Gwajinta a teku a bayyane yake: a bi hanya da ita a kunne, a sake bi da ita a kashe, a kwatanta. Sai dai injin da ke hura iskar shi ma yana cin wuta, don haka ribar gaskiya ita ce abin da ya rage bayan an cire cinsa, kuma 'yan kaso ne cikin ɗari. A jirgin da ke tafiya kusan kullum tsawon shekaru, 'yan kason nan kuɗi ne masu yawa.

Abin da ya fi ba injiniyan gini aiki a ganina shi ne AquaDome, ƙatuwar rumfar gilashi da ƙarfe da aka ɗora a saman goshin jirgin. Nauyinta ya wuce tan 360, an haɗa ta a ƙasa aka ɗaga ta gaba ɗaya aka ɗora. A cikinta akwai tafkin wasanni da ruwa mai zubowa daga sama. Ka haɗa da wuraren ninƙaya bakwai da magangarun ruwa shida, mafi yawansu a hawa na sama. Ka tuna abin da na faɗa kan tsakiyar nauyi: duk tan ɗin da ka ɗora can sama sai ka biya shi a ƙasa. Ruwan tafki kuma ya fi ƙarfe wahalar sha'ani, don idan jirgi ya karkata ruwan na kwarara ya bi gefen da ya karkata ya ƙara masa nauyi. Ga kuma gilashi: jikin jirgi mai mita 365 yana lanƙwasa kaɗan a kan igiyar ruwa, ƙarfe na jure wannan, gilashi ba ya jurewa. Dole a yi mahaɗar yadda jirgin zai motsa a ƙarƙashin rumfar ba tare da ya murɗe ta ba. A gwaji ana manna ƙananan na'urori a jikin ƙarfen su riƙa auna miƙewarsa da takurewarsa, a kwatanta da abin da lissafi ya hango.

Rukuni na uku su ne na gwaji na haƙiƙa. Akwai na'urar da ke gasa busasshiyar shara ba tare da iska ba, ta fitar da gas da za a iya mayarwa makamashi. Akwai kuma na'urar samar da lantarki ta hanyar sinadarai ba tare da ƙona mai ba, wadda kamfanin ya yi maganarta tun lokacin da ya sanar da odar jirgin a 2016. Da jirgin ya fara aiki a Janairun 2024, bai fara da ita ba. Ka lura da abin da wannan ke nunawa: an rasa ta, jirgin kuma ya tashi a ranar da aka sa. Haka ake shigo da sabon abu cikin jirgin fasinja, a gefe, inda idan ya mutu gobe babu wanda zai rasa tuƙi ko hanyar tsira. Don haka amsata ita ce a'a, fasinjan Icon ba abin gwaji ba ne ta fuskar lafiyarsa.

Amma zan zalunce ka idan na bar ka da tunanin cewa gwajin teku ya rufe kowace ƙofa. Kwanaki ne kaɗan, a ruwan sanyi, jirgi babu fasinja, komai sabo fil, kuma mutanen da suka ƙera kowace na'ura suna tsaye kusa da ita. An tsara na'urorin sanyaya inji su jure ruwan teku mai zafin digiri 32, amma Baltik a watan Nuwamba ba za ta ba ka wannan ba. Sai jirgin ya isa Karebiyan, mutum dubu bakwai sun buɗe famfon wanka a lokaci ɗaya, ɗakunan girki duk suna aiki, sannan a ga ainihin lodin. Sannan akwai abin da shekaru da halin ɗan'adam ke kawowa. Jirgin shaƙatawa mai suna Viking Sky ya ci duk gwaje-gwajensa ya fara aiki a 2017. Ranar 23 ga Maris, 2019, a gaɓar Norwe cikin guguwa, injinansa suka mutu ɗauke da mutum fiye da 1,300. Binciken hukumomin Norwe ya gano man shafawa a tankunan injinan ya yi ƙasa, da jirgin ya riƙa tangaɗi sai famfo ya ja iska a maimakon mai, injinan suka kashe kansu don kada su lalace. Saura ƙiris ya hau duwatsu, aka kwashe ɗaruruwan mutane da jirage masu saukar ungulu. Gwajin da aka yi a ruwa mai kwanciya da tanki cike ba zai nuna wannan ba.

Akwai kuma wata tambaya da gwajin bai amsa ba, kuma ita ta fi damuna. Gas ya fi baƙin mai tsabta ta fuskar hayaƙi: kusan babu farar wuta a cikinsa, toka kaɗan ce, mutanen da ke zaune kusa da tasha suna shaƙar iska mafi kyau. Wannan gaskiya ne. Sai dai gas ɗin mafi yawansa wata iska ce da ake kira mitan (methane), kuma a irin injinan da jiragen shaƙatawa ke amfani da su wani kaso yana kuɓucewa ta bututun hayaƙi bai ƙone ba. Mitan na ɗumama duniya fiye da iskar kabon kusan sau 80 a cikin shekaru 20 na farko. A Janairun 2024, watan da Icon ya fara aiki, cibiyar bincike ta ICCT ta fitar da awon da aka yi a kan jiragen da ke kan aiki, ta sami matsakaicin kuɓucewa na kashi 6.4 cikin ɗari a wannan nau'in inji, alhali dokar Tarayyar Turai na lissafi da kashi 3.1. Ba a kan Icon aka yi awon ba, kuma masu ƙera injina suna rage matsalar a sababbin samfura. Amma kuɓucewar ta fi yawa idan inji na aiki da ƙaramin lodi, jirgin shaƙatawa kuwa yana yawan tafiyar hawainiya tsakanin tsibirai da zaman tasha. Ni a ra'ayina ya kamata a ɗauki awon kuɓucewar iskar mitan a kowane matakin lodi da muhimmancin da ake ba awon gudu, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a. Idan kana neman inda injiniya matashi zai sa ƙwaƙwalwarsa, ga wuri.

Bayan miƙawa ma aikin bai ƙare ba. Don fita daga Baltik sai jirgin ya bi ta ƙarƙashin gadar Storebælt a Denmak, wadda tazararta daga ruwa mita 65 ce, jirgin kuma ya fi haka tsayi idan bututun hayaƙinsa na tsaye. An san da wannan tun farko, don haka aka ƙera bututun yadda za a iya sauke shi, kamar yadda aka yi wa Oasis of the Seas a 2009. Icon ya wuce a farkon Disambar 2023, ya tsaya a Kadiz ta ƙasar Sifaniya aka ƙarasa wasu ayyuka, sannan ya tsallaka Atlantika.  A al'ada ma'aikatar da ta ƙera jirgi tana ba da garantin shekara guda, injiniyanta na tafiya tare da jirgin yana rubuta duk abin da ya ɓaci. Abin da aka tara daga irin wannan rubutu yana komawa Turku, inda a lokacin aka riga aka fara gina ƙaninsa, Star of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Agustan 2025.